A bar malaman foli su shigo sakandare mana

Jiya da daddare ƙanina da ke SS2 ya kawo min littafinsa na darasin gyaran waya in duba masa, wallahi sai da raina ya ɓaci. Shafi kusan ashirin duk rubutu ne, ga cikin waya an zana da biro, kibiya na nuna batir da wajen caji. Na ce to ka taɓa kwance waya kuwa? Ya ce a'a Yaya, ko sukundireba ba a taɓa ba mu mun riƙe ba. Malamin nasu asali lissafi yake koyarwa, ɗora masa aka yi, ni ban ga laifinsa ba.

A 2011 aka sa darussan sana'a 34 a manhajar babbar sakandare, su walda, ɗinki, kiwon kifi, wayarin, aka ce kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya, har WAEC ta fara jarrabawarsu a 2014. Kwalejojin ilimi na fasaha irin na Bichi da Potiskum da Gusau suna yaye malamai, amma ina za su ishi makarantunmu?

Ga maƙwabcinmu nan yana koyar da walda a foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, shekara da shekaru, hannunsa duk tabon wuta, in ya haɗa ƙarfe sai ka nemi bakin haɗin ka rasa, amma HND gare shi, kuma TRCN, hukumar rijistar malamai, ba ta ba da lasisin koyarwa sai mutum na da NCE ko digirin ilimi, shi sai ya koma ya yi PGDE, wato difilomar koyarwa, sannan ya zauna jarrabawarsu, mutum mai iyali da aiki yaushe zai samu wannan sukunin.

Ni ban ce a soke lasisi ba fa, riƙe yaro ɗan shekara sha biyar daban yake da koyar da balagagge, sai an koya. Amma a yi musu nasu lasisin mana, na darasin sana'a kawai. NTI, cibiyar horar da malamai, tana Kaduna, NBTE mai kula da foli ita ma tana Kaduna, su zauna da TRCN su tsara gajeren horo lokacin dogon hutu, malamin foli ya riƙa leƙa sakandare kwana biyu a mako ana biyansa alawus, in makarantar ba kayan aiki a kwashi yaran ran Asabar a kai su wakshop ɗin folin.

Na dai ɗauko wa ƙanina tsohuwar Nokia ta da ƙaramin sukundireba, har ƙarfe sha ɗaya yana tsugune gaban fitila yana jera ƙusoshin a murfin kwalba kar su ɓace.