Ranar da na yi gardama da agogon jikina

Jiya ɗan ƙanwata ya zo yi mini sallama, zai tafi Japan aiki na kwana goma. Yana atisayen gudun fanfalaki, mai kilomita 42.195 ɗin nan. Ya miƙo mini waya yana murmushi: Asabar da dare zai sauka, Lahadi da asuba manhaja ta rubuta masa kilomita 30. "Kawu, ko rana ɗaya ba zan fasa ba." Sai gabana ya faɗi, domin da bakina na taɓa faɗin haka.

Nawa a Tokyo ya faru, tsakiyar Agusta, saura mako shida tseren gudun fanfalaki na Berlin da nake shirya wa. Mako goma na yi ban tsallake atisaye ba. Tazarar lokaci tsakanin gida da Tokyo awa takwas ce, kuma gabas muka nufa, wadda ta fi yamma wahalar da jiki, tunda sai ka kwanta alhali barci bai zo ba. Na kwana ido biyu. Ƙafafu a kumbure saboda zaman jirgi, maƙogwaro a bushe saboda iskar cikinsa. Duk da haka ƙarfe shida na safe ina kan hanyar da ta kewaye fadar sarkin Japan. Zagaye ɗaya kusan kilomita 5 ne, na ƙudurta shida. Shidan safiyar Tokyo kuwa goma na dare ce a jikina. A zagaye na huɗu agarar hagu ta fara ja. Na ce za ta saki. Na biyar da ɗingishi na ƙarasa shi. Berlin dai ban je ba.

Amma a yi mini adalci. Wanda ya yi mako goma yana tashi cikin duhu, ya biya rajista, ya sayi tikiti, ba ya jin kalmar hutu da sauƙi. Kuma ba wanda ya gaya mini agogon jiki, mai tsara lokacin barci da farkawa, kusan awa ɗaya yake matsawa a rana, wato ina buƙatar kamar mako guda. A'a, kada in yi ƙarya, wani abokin gudu ya gaya mini, na ɗauka ragwanci ne ke damunsa. Har yau nakan ɗora laifin a kan zafin Tokyo da gumin da ba ya bushewa. Zafin ya taimaka, amma ba shi ya ɗaura mini takalmi ba.

Na yi niyyar rubuta wa yaron nan shafi guda, sai na ga abin bai kai haka ba. Kwana biyun farko kada ka yi gudu. Dogon gudun ka yi shi kafin ka bar gida, ko ka jinkirta shi zuwa kwana na biyar. Ƙarfin da ka tara a wata uku ba ya zubewa a mako ɗaya, agara kuwa tana iya cinye maka watanni.

Na ce kada ka yi gudu, amma kuma zaman ɗakin otal ya fi muni. Ka fita da la'asar, tattakin minti ashirin a hankali, yadda za ka iya hira. Hasken rana ne ke saita agogon jiki, sai dai bayan tsallaka awa takwas zuwa gabas hasken sassafe na iya tura shi baya a kwanakin farko. Na bayan azahar za ka nema.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, agogon hannu ya gaya muku bugun zuciya ya hau, barci bai kai awa uku ba, ku karanta, ku ɗauki hotonsa, sannan ku fita. Mu ba mu da wannan bayanin a hannu. Ku me za ku ce?

Yaron ya ce in bai yi gudun ba, manhajar za ta sa wa ranar jan layi. Na ce ta sa. Ya yi shiru yana shafa waya. Gobe ne jirginsa, kuma na ga takalman a saman kayan da ya shirya.