Ranar da Akwatin Alkawari Ya Zama Laya

Ishaya 65:11 ta kama mutanen Allah da laifi biyu: sun jera wa Gad abinci, sun cika wa Meni ƙoƙo da gaurayen ruwan inabi. Gad gunkin sa'a ne, har gari ya ci sunansa, Ba'al-gad da ke Joshuwa 11:17. Meni kuwa na rabo ne. A aya ta 12 Ubangiji ya mayar musu da kalmar Meni ɗin a Ibrananci: tunda rabo kuke nema, takobi ne rabonku.

Wannan bautar gumaka ce a fili, kowa yana iya gane ta. Mai wuyar ganewa yana cikin 1 Sama'ila 4. Filistiyawa sun kashe Isra'ilawa wajen 4,000. Dattawa suka yi tambayar da ta dace, me ya sa Ubangiji ya bari aka ci mu, amma ba su tsaya jin amsa ba. Sai suka aika Shilo a ɗauko Akwatin Alkawari, wato akwati mai tsarki da ke ɗauke da allunan Dokoki Goma, wai ya cece su. Waɗanda suka rako shi kuwa Hofni da Finehas ne, 'ya'yan Eli firist, masu wawashe naman hadaya. Aka yi sowa har ƙasa ta girgiza, aka fita fagen fama, mutum 30,000 suka faɗi, akwatin ma aka tafi da shi. Akwatin na Allah ne, babu ja, amma sun ɗauke shi kamar guru: a ɗaura kawai, ba tuba, ba biyayya.

Haka macijin tagulla. Allah ne ya sa Musa ya ƙera shi, Littafin Ƙidaya 21. Da jama'a suka koma ƙona masa turare, Sarki Hezekiya ya farfasa shi, 2 Sarakuna 18:4.

To, ga Littafi Mai Tsarki a buɗe a Zabura 91 ƙarƙashin matashi, wata da watanni ba a karanta ko layi ɗaya ba. Ga 'yar kwalbar man shafewa tana lilo a madubin mota. Gwajin ba wuya: direba ya manta kwalbar a gida, gabansa ya faɗi har ya juyo daga hanya, alhali da safe ya fita ba addu'a bai ji komai ba. Wannan kwalba ta zama kambu, ko fasto ne ya ba shi.

Masu sihirin Afisa da suka tuba, Ayyukan Manzanni 19:19, littattafansu sun kai azurfa 50,000. Ba su sayar ba, ba su ɓoye a ƙasan adaka saboda wata rana ba. A gaban jama'a suka cinna musu wuta.