Yau na sauya katin bidiyo

Asabar. Kwana uku ke nan sabon katin bidiyo, wato ɓangaren kwamfuta da ke fitar da hoto a allo, yana ajiye cikin kwalinsa a kan teburina, sai yau na samu sukunin saka shi. Tsohon katin, GTX 1060 na kamfanin Nvidia wanda ya fito tun 2016, ya yi mini aiki iyakar ƙarfinsa, sabon kuwa RX 6600 ne na AMD. Da yake kamfanonin biyu daban suke, na ƙudura cewa ba zan kwance ko noti ɗaya ba sai na kawar da tsohon direba, wato manhajar da ke isar da umarnin Windows ga katin, har da ɓurɓushinsa.

Ina da dalilin wannan tsanaki. Shekarun baya na taɓa ɗora sabon direba a kan wani tsoho cikin gaggawa, na shafe mako guda allo yana ƙyaftawa, wani lokaci ma ya yi baƙi ƙirin ina tsakiyar aiki. Cire direba ta hanyar da aka saba yakan bar fayiloli da saituna a cikin rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, kuma waɗannan ragowar suna iya cin karo da sabon da aka saka.

Saboda haka da hantsi na fara sauke direban AMD da kuma manhajar DDU, wadda ke share direban katin bidiyo gaba ɗaya, na ajiye su inda zan same su cikin sauƙi, sannan na zare wayar intanet. Wannan mataki ne mutane suka fi mantawa da shi, alhali idan akwai intanet, Windows takan sauko da nata direban ta saka da zarar ta ga babu, kafin mutum ya ankara. Daga nan na danne maɓallin Shift yayin sake kunna kwamfutar, na shiga yanayin da ake kira Safe Mode, inda Windows ke tashi da mafi ƙarancin direbobi, don kada wani fayil ya ƙi goguwa saboda ana amfani da shi. A cikin DDU na zaɓi umarnin da ke sharewa sannan ya kashe kwamfutar gaba ɗaya, domin shi ne aka tanada wa mai shirin sauya kati.

Aikin hannu bai ɗauki lokaci ba. Na zare wayar wuta, na taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar don sauke lantarkin da ke jikina, na danna ɗan makullin da ke ƙarshen ramin PCIe, wato inda ake soka katin, tsohon katin ya fito. Sabon ya zauna daram, na haɗa masa wayar wuta mai fil 8, na kuma tabbatar wayar allon tana jikin katin.

Da kwamfutar ta tashi, rubutu ya fito manya-manya, hotuna a baje, abin da ya faranta mini rai, domin alama ce cewa Windows tana amfani da direbanta na wucin gadi, tsohon ya tafi. Na saka direban AMD, na sake kunnawa, sai komai ya dawo garau. Bayan haka ne na mayar da intanet. Na yi aiki sa'o'i uku da yamma allo bai ƙyafta ba ko sau ɗaya, tsohon katin kuma na sa shi cikin ledar da sabon ya zo a ciki.