Kiwon tsutsar itacen wilo a Ingila

Akwai wani ƙwaro da mutanen Ingila suke kira da sunan kyanwa saboda farin gashin da ya lulluɓe shi, masana kuwa Cerura vinula, sunan da ya samo asali daga masanin halittu Linnaeus a 1758. Malam-buɗe-littafi ne na dare, tsutsarsa kuma ganyen wilo da na dangin popla kawai take ci. Na samu ƙwansa a watan Yuni a gefen wani rafi, guda biyu jajaye-jajaye manne a saman ganye. Wanda zai nema ya duba ƙananan itatuwa da sababbin tofo inda rana ke bugawa, can uwar ta fi son ajiye su.

Da suka ƙyanƙyashe, baƙaƙe ne ƙanana masu wutsiya biyu. Aikina kullum shi ne yanko sabon reshe in tsoma a kwalbar ruwa, in toshe bakin kwalbar da auduga, don tsutsa kan bi reshe ta faɗa ruwa. Cin nata ba a magana.

Bayan ta yi ta saɓa, sai ta koma kore shar, da baƙin sirdi a baya mai farin gefe, tsawonta ya doshi santimita 8. Ka taɓa ganyen, sai ta janye kai ciki, jan zobe ya bayyana da ɗigo biyu baƙaƙe kamar idanu, wasu jajayen zare su fito daga wutsiyoyin suna karkarwa. Yawanci burga ce, amma tana iya feso ruwa mai sa raɗaɗi irin na tururuwa, don haka ban taɓa kai fuskata kusa ba.

Ranar da launinta ya rine ya koma ja-ja mai duhu, ta daina ci tana ta yawo, sai na sa mata ɓawon itace. Ta tauna shi, ta gauraya da siliki, ta gina gida mai tauri da farce ba ya huda shi, ko kusa bai yi kama da laushin gidan tsutsar tsamiya ba.

Gidan nan a waje ya kamata ya yi hunturu, a rumfar lambu. Ɗumin ɗaki yana fito da malam-buɗe-littafin kafin lokaci. A watan Mayu ya jiƙa bangon da wani ruwa ya fito. Sai an kafa masa sanda ya hau, fikafikan su miƙe su bushe. Babban ba ya cin komai, saboda haka da magariba na mayar da shi bakin rafi ya nemi abokin barbara.