Talata: akwatin da ba a sa wa alama ba

Yinin yau gaba ɗaya ya tafi a kan shafin da shugaban sashe zai riƙa raba wa ma'aikata izini, inda kowane izini yake da akwatinsa na sa alama, kuma ana buƙatar abin da aka zaɓa ya isa sabar, wato kwamfutar da ke karɓar abin da shafin ya aika, ya zauna daidai a cikin tsarin bayanan da muka gina da ASP.NET MVC, wani kayan aikin gina shafukan intanet.

Tushen wahalar yana cikin ƙa'idar HTML kanta, wato harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi. Idan aka aika fom, akwatin da aka sa wa alama yana tafiya da sunansa da ƙimarsa, amma wanda ba a sa wa ba, burauza ba ta ambatonsa ko kaɗan. Don haka sabar ba ta iya bambance iznin da aka janye da wanda bai ma fito a shafin ba. Wannan ne ya sa CheckBoxFor, umarnin da ke samar da irin wannan akwati a ASP.NET MVC, yake ajiye ɓoyayyen fili mai suna iri ɗaya, ɗauke da ƙimar false, tare da kowane akwati. Rails, wani kayan aikin gina shafuka na daban, shi ma haka yake yi, amma da sifili.

Da safe na gwada hanyar jeri mai lamba, wato sunaye su kasance Izini[0], Izini[1], har zuwa ƙarshe. Tana aiki, sai dai tana da sharaɗi mai tsauri: dole ƙirgar ta fara daga sifili kuma kada ta yi tsallake. Shafinmu yana barin a goge layi kafin a aika, kuma da zarar an goge na tsakiya, duk layukan da ke bayansa ba sa shiga tsarin bayanan, ba tare da wani saƙon kuskure ba. Wannan shirun ne ya fi damuna, domin izini ba abin da za a bari ya salwanta ba tare da sanin kowa ba ne. Ana iya magance shi da ɓoyayyen filin Izini.Index, wanda ke faɗa wa sabar lambar kowane layi, amma na ga ƙarin kaya ne kawai.

Bayan azahar na yanke shawara. Duk akwatunan za su ɗauki suna ɗaya, ƙimar kowanne ita ce lambar shaidar izninsa, sabar kuma ta karɓe su a matsayin jerin lambobi. Daga nan ta ɗauko cikakken jerin izinin daga rumbun bayanai, ta tabbatar kowace lamba tana cikin waɗanda mai aikawa yake da ikon bayarwa, tunda kowa na iya sauya fom a burauzarsa, sannan ta ɗauki duk wanda bai zo ba a matsayin janyayye.

Kafin na tashi na rubuta gwaji na musamman don lokacin da aka cire alama daga dukkan akwatunan, domin a nan babu lamba ko ɗaya da za ta iso, kuma dole sabar ta fahimci hakan a matsayin janye komai.