Daga Tafkin Chadi zuwa tsaunin Mambila

Ni masunci ne, ɗan masunci. Tun ina saurayi nake kwana a cikin jirgi a Tafkin Chadi, wani babban kwale-kwalen katako da muka yi wa rumfar tabarma ta baya. A ciki muke girki, kan murhun rabin durom da muka cika da yashi, a ciki muke ɗaura gidan sauro. Sai banda ta taru mu nufi Doron Baga mu sayar, mu sayo gero da man inji mu koma tsakanin tsibirai. Harin da aka kai Baga a watan Janairun 2015 ne ya raba ni da wannan rayuwa. Bayan ɗan zaman jiran tsammani a Maiduguri, kawuna da ke da shago a Nguroje, a kan tsaunin Mambila, ya aiko a ce in taho.

Daga Jalingo ana bi ta Bali da Serti, sai a Mayo Selbe mota ta fara hawa tana lanƙwasa, rami a gefe, hazo a gaba. Tafkinmu bai kai mita 300 sama da teku ba, Mambila kuwa ta kai kusan 1,600. Jikina ne ya fara shaida wannan tazara. Mai tuƙa jirgi da gora ƙarfinsa a kafaɗa da baya yake, ƙafa kuwa ba ta san komai ba sai tsayuwa. Makonnin farko ko masallaci zan je sai na tsaya a hanya ina haki, tsofaffin mata ɗauke da itace suna wuce ni suna yi mini sannu da Fulatanci, wanda shi ne harshen kasuwa a can. Dare kuma barci ya ƙi zuwa, don gadon ba ya motsi, babu ƙarar ruwa a jikin katako.

Sanyi ba abin dogon labari ba ne: bargo biyu, rigar sanyi, ruwan alwala a kan wuta. Ladansa shi ne sauro ya yi ƙaranci, abin da duk wanda ya kwana a bakin Chadi zai kira ni'ima.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne jira. A tafki, in ka shimfiɗa ragar kalli da yamma, da asuba ka san matsayinka: ko tarwaɗa da ƙarfasa, ko hannu wofi. In wuri ya ƙi, ka cire gora ka yi gaba, ba ka nemi iznin kowa ba illa haraji da gaisuwar masu tsibiri. Har janyewar ruwan da manyanmu suka gani bayan farin shekarun 1970 da 1980 bai kashe sana'ar ba, bin sa kawai suka yi. A kan tsauni kuwa abincinka a binne yake wuri guda. Ka shuka masara ko dankalin Turawa, ka yi ta noma cikin ruwan saman da ba ya gajiya, wata da watanni ba ko sisi. Ni da na saba kuɗi ya shigo yau ya fita yau, sai na ga kawu yana ƙirga buhunan da za su kai shi kaka mai zuwa. Ya ce mini, "Ɗana, a nan ba a cin na gobe yau, don gobe ba ta da koma." Koyon ajiya ya fi koyon riƙe fartanya ɗaukar lokaci.

Ita kanta ƙasar tana da masu ita, kowane gangare da kowane kwari, na noma da na kiwo. Gonar da aka ba ni aro sharaɗinta ɗaya: kada in dasa itace, ko na turare ko piya, don dasa itace a gonar aro tamkar cewa ne ta zama taka. Baƙo mai hankali ba ya tsoma baki a zancen iyaka a Mambila, kuma a ganina daidai ne.

Inda tsohuwar sana'ata ta yi mini rana shi ne banda. Na lura kifin da ake hawo da shi daga bakin Binuwai yakan tsotsi danshi cikin 'yan kwanaki, ya yi laushi, ya fara funfuna, masu sayarwa su karyar da shi. Sai na gina ƙaramin wurin gashi a bayan shagon kawu, da durom da ragar waya, ina sake bi da shi ta wuta kaɗan da hayaƙi mai yawa. Itacen turare shi ya fi yawa a nan, amma ƙanshinsa na kama kifi, don haka nake neman wani itace ko totuwar masara. Ranar kasuwar Nguroje nake baje shi, in ya ragu in kai Gembu. Yanzu bandar ce ke riƙe gidana kafin masara ta nuna.