Ranar da mota ta mutu mana a hanyar Madina

Ni ba na wasa da mota. Abokaina a Jidda har tsokanata suke yi, wai na fi sanin hanyar warsha, wato garejin gyaran mota, da ta asibitin yara. Baƙin mai ba ya wuce ƙa'idarsa, ruwan lagireto nakan duba shi duk Juma'a, fahas kuwa, binciken lafiyar mota na shekara-shekara, wata biyu ke nan da aka yi mata shi ta fita lafiya. Shi ya sa da Hajiyarmu ta zo Umra daga Kano ta ce tana son ziyara, ban ko kalli jirgin ƙasan Haramain ba. Na ce ni zan kai ta da kaina.

Niyyar sammako muka yi, amma kafin Hajiya ta gama ɗaure kayanta hantsi ya dubi ludayi. Mu uku ne: ni, ita, da 'yar autata. Daga Jidda zuwa Madina kilomita 400 ne da 'yan kai, a kan Hanyar Hijira, titi mai layi uku kowane ɓangare. Muka wuce Usfan, muka wuce Khulais, gari ya ƙare, sai baƙaƙen duwatsun nan da Larabawa ke kira harra, kamar an zubar da gawayi har iya ganinka. Watan Yuli ne, ma'aunin zafin mota ya nuna 46.

Ina layin tsakiya, ina wuce wata tirela da gudun 120, sai na ji shiru. Babu ƙara, babu hayaƙi, babu gargada. Na taka totur, kamar na taka soso. Allurar injin ta faɗi ƙasa, jajayen fitilu suka cika gabana, sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, ya ɗauke.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne in danna burki. Allah Ya sa na tuna maganar wani kawuna da ya ƙare rayuwarsa a tuƙin Kano zuwa Legas. Yakan ce idan inji ya mutu kana tafe, gudun da ke jikin motar shi ne guzurinka, kada ka ɓarnatar. Burki yana samun taimako daga iskar da inji ke zuƙa, inji na mutuwa taku ɗaya ko biyu masu laushi suka rage maka, daga nan sai ya koma dutse. Sitiyari ma ya yi nauyi, sai da hannu biyu. Na kunna sigina biyu, na mayar da giya firi, ban taɓa makulli ba don kada sitiyari ya kulle. Na bar tirelar ta wuce ni, na bi bayanta na zame dama, na sauka gefen titi, sannan na taka burki sau ɗaya, na riƙe har muka tsaya.

"Lafiya ka tsaya a dokar daji?" in ji Hajiya. Carbinta take ja, ba ta ma san abin da ya faru ba. Ni kuwa gwiwoyina rawa suke yi.

Na fitar da su ta ƙofar dama, nesa da titi, na ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya, na kira 911. Buɗe bonet na yi don kawai in fita kunya. Mai cike, ruwa cike, fambel lafiya, babu abin da ke ɗiga. Wannan ya fi ɓata mini rai. Da ma wani abu na gani a fashe da na san wanda zan zarga. Jami'an tsaron hanya suka iso, suka sa Hajiya da yarinya cikin motarsu su sha sanyi, suka taya ni neman sadaha, motar da ke goya mota a bayanta.

Direban sadahar ya sauko muna ta Larabci, sai ya ji Hajiya tana yi wa jikarta faɗa. Ya juya ya ce, "Inna, sannu da rana." Ashe Bahaushen Sudan ne, ɗan Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna da jama'arsa bayan Turawa sun kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarsa irin ta kakanninmu ce, da Larabci yayyafe a kai.

Kafin ya ɗora motar ya ce in murɗa makulli kada in tayar. Ya kara kunnensa a murfin tanki. "Famfon mai yana kuka, ba shi ba ne." Ya ce in ba ta kik, ya ƙura wa allurar injin ido. Injin yana juyawa da ƙarfi, wato batir lafiya, amma allurar ko motsi. "Hassas ne, yaya," in ji shi. Wata 'yar na'ura ce da ke gaya wa kwamfutar mota inda juyin inji yake. Idan ta yi shiru, kwamfuta ba ta san lokacin ba da wuta da mai ba, sai ta yanke duka. Zafi ne ke kama ta, kuma ba ta cikin abubuwan da ake canzawa a sabis. Tana iya shekara goma lafiya ta zaɓi ranar da ka ɗauko mahaifiyarka.

Muna cikin haka injin ya huce, na sake gwadawa, mota ta tashi tsaf kamar ba ita ba. Raina ya biya in ba shi na shan ruwa in ci gaba. Ya ce da ta sake ɗaukar zafi za ta sake mutuwa, kuma ba lallai in sami gefen titi a buɗe ba. Hajiya ta yanke magana: "Ka ji abin da yaron nan ya ce. A ɗora ta."

Haka muka cushe a gaban sadaha, yarinya a cinyata. Ni ina lissafin kuɗi, su suna hirar yadda ake kaɗa miyar kuka a Sudan. Da na yi tsaki kan ɓata lokaci, Hajiya ta tuna mini cewa Manzon Allah (SAW) sama da mako guda ya yi tsakanin Makka da Kuba, a kan raƙumi. Na ja bakina.

Mun shiga Madina gab da magariba. Washegari a sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, bakanike ya jona kwamfuta, ta faɗi abin da mutumin Mai Wurno ya faɗa da kunne da ido. Ya kwance ƙusa guda, ya zaro wani baƙin abu da bai wuce babban yatsana ba. Kuɗin sadaha ya ninka kuɗinsa.

Na kawo wa Hajiya tsohon a masauki don ta ga abin da ya tsayar da mu. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ƙulle a bakin gyalenta, wai sai 'yan gida sun gani da idonsu. Sannan ta tambaye ni ƙarfe nawa jirgin ƙasan Jidda yake tashi.